Hannun da Rahinatu Ta Janye

Ranar da labarin ya iske Goggo Sauda, tana tsakar gidanta a Achida tana juya shinkafar da ta turara ta shanya. Talata ce, tsakiyar damina, rana ta fito bayan kwana uku ana ruwa. Sai ta ji sallamar surukinta Attahiru. Tun da ya auri ɗiyarta Rahinatu, shekara biyar ke nan, bai taɓa wuce zaure ba, daga can yake gaisuwa ta amsa masa daga ciki. Ran nan sai ga shi har tsakar gida, babu hula, laka har gwiwa. Ya durƙusa nesa da ita, bakinsa na motsi, magana ta ƙi fita.

Ita ta sauƙaƙa masa. Ta ce, "Ita ɗai, ko har da abin da ke cikinta?"

Ya ce, "Su duka, Goggo."

Ta yi innalillahi a hankali, ta ci gaba da juya shinkafa da tafin hannu tana tsince tsakuwa, har maƙwabta sunka shigo sunka kama ta sunka kai ɗaki. Mutane sun yi ta yaba tawakkalinta. Ba tawakkali ba ne. Akwai abin da ta sani wanda babu wanda ya sani a cikinsu, har Attahiru, shi ya danne mata kukan a ƙirji.

Rahinatu nas ce, kuma ta iya karɓar haihuwa. Ita ce ɗiyar fari, ita kaɗai ta rayu cikin huɗun da Sauda ta haifa. Ubanta ya rasu tana aji uku, da hayaƙin tukunyar shinkafa uwar ta kai ta har makarantar koyon jinya a Sakkwato. Da ta gama anka tura ta wani ƙaramin asibiti a ƙetaren gulbi, can gaba da Goronyo, ƙauyen da kowa ke ce wa Tunga. Da rani babur na shiga. Da damina sai kwalekwale, shi ma in gulbi ya yarda. An ce mata shekara biyu ake yi a irin wuraren nan a sauya mutum. Ta yi shida. Masu wani nasu a ofis kuwa ko bakin gulbin ba su sani ba.

Su uku ne ma'aikata a asibitin: ita, da Adawiyya, wata nas mai baki kamar aska wadda sunka yi makaranta tare, da Lauwali mai ba da magani. Sai Tani mai shara. Da rani na waccan shekara ma'aikatan ƙauyukan ƙetare sunka haɗu sunka rubuta takardar koke. Ba wani abu mai yawa sunka roƙa ba. A riƙa zagayawa da kowa a aikin ƙetare, ɗan wane da ɗan talaka. Mace in cikinta ya tsufa a aiko mai karɓarta ta tafi hutun haihuwa. Mutum goma sha ɗaya sunka sa hannu, Rahinatu ce ta huɗu.

Mai tsara wa zai je ina, wa zai tafi hutu, wata babbar nas ce a ofishinsu, Hajiya Zinariya. Da takardar ta kai gabanta ba ta kira Rahinatu ofis ba. Ta san ta inda ake kama ɗiyar mutunci. Ranar wata Juma'a bayan la'asar sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidan Sauda, matan unguwa sunka yi ta leƙe ta saman katanga. An kawo mata kujera ta ƙi, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa kamar 'yar gida. Ta ajiye sabulu da dabino. Goggo take cewa, ba ta kama suna ba ko sau ɗaya. Ta sha fura har ta nemi ƙari, ta ce rabonta da fura mai daɗi haka tun kakarta na da rai.

Sannan ta shiga maganar da ta kawo ta. Ta ce Rahinatu ɗiyarta ce, duk cikin yaran babu mai natsuwarta, amma ƙawaye na ja ta cikin abin da ya fi ƙarfinta. Ta ce hukuma ba ta manta hannun da anka sa a irin wagga takarda, ana iya wayi gari a ce babu aikin. Ita dai ta ga bai kamata ta zuba ido wahalar da uwa ta sha ta bi ruwa ba, shi ya sa ta tako da kanta. In anka cire sunan, ita da kanta za ta duba lamarin yarinyar in lokaci ya yi.

Sauda ba ta taɓa shiga aji ba sai makarantar allo. Abin da ta gane shi ne babbar mace ta tako har ɗakinta ta roƙe ta, kuma aikin nan da ta gina da hayaƙi a ido na iya rushewa a kan takarda ɗaya. Ta raka ta har mota tana godiya. Kwana biyu tana ba maƙwabta labarin yadda Hajiya ta ƙi kujera.

Ranar Asabar ta mako na gaba Rahinatu ta zo gida, da busasshen kifi ƙunshe a takarda kamar kullum. Ta tuɓe mayafi ta karɓi muciya a hannun uwar tana tsokanarta, wai tuwon Goggo yanzu sai an sa gatari. Sauda ta bari sai da ta ci ta wanke hannu, sannan ta gaya mata wadda ta zo da abin da ta ce. Rahinatu ta yi ƙoƙarin bayani, ta ce ba tawaye ba ne, doka ma ta ba su abin da sunka roƙa, kuma in an ja hannu ɗaya sauran sun yi rauni. Sauda ta ce ita ba ta san doka ba, ta san yunwa. Ta ce ɗan talaka da haƙuri yake cin tuwonsa, Adawiyya kuwa ubanta na da gonar albasa da injin ban ruwa, in an kore ta tana da wurin faɗuwa.

Rahinatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Goggo, akwai dalili."

Ta ce, "Wane dalili?"

Ba ta faɗa ba. Ɗiyar fari ba ta duban uwarta ta ce ina da ciki, ko da shekara biyar ta yi tana jiransa. Wata uku ne da shi a ran nan. Ita kuwa Sauda ta ɗauki shirun nan taurin kai ne, sai ta ɗauko abin da ba a ɗaukowa sai a kan babban abu.

Ta ce, "In ba ki cire hannunki daga takardar nan ba, ban yafe maki nonon da kinka sha ba."

Rahinatu ta ɗago ta dube ta, duban da ba ta taɓa yi mata ba. Babu fushi a ciki. Ta ce to, Goggo. Ta tashi ta wanke kwanukan da anka ci tuwo, ta kife su, da safe ta koma.

Ranar Litinin ta je ofis. Ba su tsaya ga soke sunan ba, sai da ta rubuta da hannunta cewa ita ta janye don kanta, ba ta da wani koke a kan wurin aikinta. Adawiyya ta daina yi mata magana in ba ta aiki ba, in ta gan ta tafe sai ta ce a ba 'yar gidan Hajiya hanya. Attahiru ma ya yi faɗa, ya ce ta ba shi kunya, mi ya sa za ta zame wa abokan aikinta. Ba ta gaya wa ko ɗaya daga cikinsu dalili ba.

Kafin ruwan fari ya sauka anka watsa mutum goman nan. Adawiyya anka jefa ta wani ƙauye bayan Gandi, Lauwali wani wurin daban. Rahinatu da ba ta da koke anka bar ta inda take. An ce masu maye gurbin na tafe. Ita ke awo, ita ke allura, ita ke ba da magani, ita ke karɓar haihuwa. Da cikin ya fito fili ta rubuta neman hutu sau uku. Amsar ɗaya ce, ta ƙara haƙuri, in ta tafi sai an rufe asibitin, ga damina ga zazzaɓi. Hajiya Zinariya har misali take ba da ita a taro, wai a yi koyi da haƙurin Rahinatu.

Sauda ta ga cikin da idonta a zuwan da Rahinatu ta yi na ƙarshe. Ta ga ƙafafun sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Kunya ta hana ta tambaya. Ta dai sayi itacen wankan jego ta tara a bayan ɗaki, tana jiran ranar da za a maido ta gida haihuwa kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. A ranta tana cewa ai Hajiya ta yi alkawari.

Yadda abin ya faru, a bakin Tani mai shara ta ji shi, ranar sadakar uku. Tani ta ce Talatar nan ranar awo ce, mata sun cika baranda. Rahinatu ta duba ashirin da wani abu, tana cikin auna wata sai ta dafa tebur. Da Tani ta duba ƙasa sai ta ga jini. Rahinatu ba ta ruɗe ba. Ta ce a sallami matan su dawo wani mako, ta aika a nemo mai kwalekwale, ta kira Attahiru a waya ya jira su a wancan bakin. Ta kwanta a gadon da take karɓar haihuwar mutane, tana gaya wa Tani ɗauko wancan, buɗe wannan. Ta ce a rataya ledar ƙarin ruwa. Tani ba ta iya neman jijiya ba, shara anka ɗauke ta yi. Rahinatu ta ɗaure damtsenta da haƙori ta nemi jijiyar da kanta, sau huɗu tana sokawa, ba ta samu ba. Tani ta ce har dariya ta yi, ta ce, "Kin gani, Tani, ni da ke samun ta jarirai." Mai kwalekwalen yana wancan ƙetaren da buhunan taki. Kafin ya dawo azahar ta yi. A tsakiyar ruwa ta cika, kanta a cinyar Tani.

Hajiya Zinariya ta zo gaisuwa. Ta yi kuka sosai, kuma Sauda ba ta ga alamar na ƙarya ne ba. Da za ta tashi ta riƙe hannun Sauda ta ce kwana ne ya ƙare, babu mai tsallake ranarsa. Sun dubi juna. Babu wadda ta ambaci waccan Juma'a.

Bayan sadakar bakwai Adawiyya ta zo daga Gandi, ta rame, bakin nan nata ya mutu. Ta ce ƙungiyarsu ta ma'aikata ta matsa, za a zauna a binciki yadda anka bar mai cikin wata takwas ita kaɗai a asibiti. Amma ofis na riƙe da takardar da Rahinatu ta rubuta cewa ba ta da koke, da ita za su wanke kansu, shi ke nan an rufe magana. Ta ce abin da ya hana ta barci shi ne ta san Rahinatu ba matsoraciya ba ce, wani abu ya sa ta janye, kuma ita ta yi ta yi mata gori har sunka rabu ba su shirya ba. Ta tambayi Goggo ko ta taɓa jin wani abu.

Sauda ta ce ba ta ji komi ba.

Kwana tara ta yi da wannan ƙaryar a bakinta. Attahiru kullum sai ya zo daga Goronyo ya durƙusa a zaure ya tambayi abin da take buƙata, ya ce shi yanzu ba suruki ba ne, ɗa ne. In ta faɗa, shi za ta fara rasawa. Garin kuma zai san cewa tsohuwar da ake yaba wa tawakkali ita ta ɗaure ɗiyarta da bakinta. In ta yi shiru, abin da zai rage a takarda shi ne Rahinatu ta zauna ita kaɗai don ta ga dama, ta zame wa 'yan'uwanta don kanta. A rana ta goma ta sa anka kira mata Adawiyya a waya, ta ce a zo a ɗauke ta ranar zaman.

Ɗakin da anka zauna yana da fanka da dogon tebur. Maza huɗu da mace ɗaya a bayan teburin, Hajiya Zinariya a gefe da jakar takardu, Attahiru da mutanen ƙungiya a benci. An karanta takardar Rahinatu da Turanci anka fassara. Hajiya ta yi bayani a natse, ta ce ita ma ta sha rubutawa sama a ƙaro mata ma'aikata ba a ba ta ba, kuma marigayiya da hannunta ta ce ba ta da matsala. Sai shugaban zaman ya ce an ce mahaifiyar na da magana, ta yi ta a zaune. Sauda ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Ni ban iya karatunku ba, amma wagga takarda ni na rubuta ta. Hajiya ta zo ɗakina ranar Juma'a, ta sha furata, ta ce in ja wa yarinya kunne. Ban ja kunne ba, nono na ɗauko mata. Na ce ban yafe ba in ba ta janye ba. Ta ce mani akwai dalili, ban saurara ba. Ku da kunka yi karatu kun san ɗiyar kirki ba ta tsallake wannan, don haka anka biyo ta wurina. Ku rubuta nawa laifin, kada ku rage komi. Amma ku cire cewa ta yarda. Ba ta yarda ba, biyayya ta yi."

An tambayi Hajiya Zinariya ko ta je gidan. Ta ce ta je, amma zumunci ne, kuma ba gidan kaɗai ta je ba, haka ta tarar ana yi tun tana ƙarama a aikin. Macen da ke bayan tebur ta rubuta wani abu. Anka tambayi Sauda ko akwai abin da take nema. Ta ce abu ɗaya, kada a sake barin ɗiyar wani ita ɗai a ƙetaren gulbi.

Da ta juya za ta zauna, wurin Attahiru babu kowa a bencin. Takalmansa ma babu a ƙofa.

Adawiyya ce ta maido ta gida. A mota, da sunka kusa Achida, sai Adawiyya ta fashe da kuka ta ce ita da ta yi ta kiranta 'yar gidan Hajiya. Sauda ta ce mata ta yi shiru, nata kason ƙarami ne. A ran nan ita ma ta samu kukanta, bayan ta shiga ɗaki ta tura ƙofa.

An ce a rahoton da anka fitar an rubuta cewa janyewar ba da son ran marigayiya ba ce. An rubuta kuma cewa kada ma'aikata su gaza biyu a asibitocin ƙetare. Hajiya Zinariya anka sauya mata ofis, wasu na cewa hukunci ne, wasu na cewa gaba ta ci. Attahiru bai sake takowa zauren ba. In an cire albasa yakan aiko da buhu ta hannun direba, babu saƙo. Matan unguwa ba su ce mata komi ba, amma an daina ba da misali da tawakkalinta, kuma ta fi son haka.

Asibitin Tunga ya yi wata biyu a rufe. Sannan anka tura wata yarinya, Firdausi, 'yar Wurno, fitowarta ke nan daga makaranta. An ce ta biyun na tafe.

Sauda ta sa Adawiyya ta nemo lambar yarinyar ta saka mata a waya, ta nuna mata inda za ta danna. Kiran farko Firdausi ta ɗauka kuskure ne, sai da ta ji ko wace ce. Sauda ta ce mata ba wani abu take nema ba, ta dai riƙa ɗauka in ta kira. Ta ce kuma duk ranar da anka kawo takardar koke ta sa hannu da babban rubutu, in wani ya je wurin uwarta a haɗa su a waya.

Yau shekara ɗaya da rabi ke nan. Kullum da safe, in ta ɗora tukunya wuta ta kama, sai ta goge hannu a zane ta danna wurin nan. Ta tambayi kwananta, ta tambayi ko ta karya. Sannan ta ce, "Ke ɗai ta har yanzu?"

Firdausi takan yi dariya ta ce, "Ni da Tani da jemagun silin, Goggo."

Sai ta ce to, Allah shi tsare, ta kashe. Wata rana kiran ba ya shiga, musamman in hadari ya haɗu a gabas. Ran nan takan danna sau uku, ta ɗora wayar a kan turmi inda za ta ji ta, ta koma wurin shinkafarta.